Zuwa 'Yandoto Duban Tauraron Kudu

Gusau

Na bar gida da an sallame sallar asuba, matata Hajiya na tambayata ko a Gusau babu sama ne. Dalilin tafiyar tsohuwar gardama ce. Lokacin da muke koyarwa tare da Malam Lawali, shi lissafi ni labarin ƙasa, na taɓa ce masa tauraron nan mai haske da ke tsayawa ƙasa-ƙasa a kudu da magaribar damina, wanda masana ke kira Alfa Sentori, ba ɗaya ba ne, biyu ne suke zagaya juna. Ya ce shi bai karɓar amsa sai an nuna aiki. Yanzu hawan jinin ido ya cinye masa idon hagu, na dama kuma yana bin sawu. Ya aiko mini daga 'Yandoto cewa in ina da hujja in kawo tun da sauran mai duba ta.

Bungudu

Rana na fitowa na sauka Bungudu wurin Malama Hadiza, tsohuwar ɗalibata da ke koyar da kimiyya, na ari madubin hangen nesa na makarantarsu. Ta ba ni kunu da ƙosai, ta kuma maimaita mini yadda ake kafa shi sau biyu, da irin muryar da na san inda ta koya. Na naɗe shi a tsohon bargo na juyo Gusau, na shiga motar Tsafe, na biya wa madubi kujera guda.

Hanyar Tsafe

A shingen jami'an tsaro wani matashi ya ga dogon bututu da ƙafafu uku, ya ja da baya.

"Baba, mi ne ne wanga?"

Na ce na duban taurari ne. Ya ce a wannan zamani dattijo ya rasa abin ɗauka sai mai kama da bindigar harbo jirgi? Sai da na kafa masa ya hango akuya a kan dutse kafin ya yi dariya ya sallame mu. Gero duk gefen hanya ya naɗe ganye, don an kwana biyu ba ruwa. Ni kuwa na dubi sama garau, na ji daɗi a ɓoye.

'Yandoto

Da hantsi ɗan acaɓa ya kai ni daga Tsafe, na tarar gari ya watse zuwa filin idi roƙon ruwa. Malam Lawali na ƙofar gida da rigarsa a juye, kamar yadda ake yi. Ya riƙe hannuna ya ce ai baƙo ba ya zama a inuwa masu gida na roƙo. Na juya tawa rigar muka tafi. Liman na addu'a, jama'a na amsawa, ni kuma ina lissafin abin da hadari zai yi wa magaribata. Malam Lawali ya zungure ni.

"Ɗaga murya, Malam Bello. Gero ya fi gardamarmu."

Na ɗaga. Bayan la'asar gabas ta fara haɗewa, gari ya cika da murna, na zauna ina cin tuwon dawa da miyar kuka kamar mai jiran sakamakon jarrabawa.

Muna idar da magariba muka kafa madubi a bayan masallaci. Hadari ya rufe gabas ya taso tsakiya, saura kudu kaɗai. Na samo tauraron, na sa idonsa na dama a bakin madubin. Ya daɗe yana dubawa, iska na kaɗa masa riga. Dattawa suka kewaye mu, na yi ta ba su labari don in rage wa kaina fargaba: cewa hasken nan ya yi shekara huɗu da 'yan watanni a hanya, cewa biyun kan ɗauki kusan shekara tamanin kafin su gama zagaye ɗaya, kuma akwai ƙaramin na uku, ja, da ba ya ganuwa a nan, wanda wata duniya ke zagayawa cikin kwana goma sha ɗaya. Wani manomi ya tambaya ko ana ruwa a can. Na ce masana ba su sani ba tukuna. Ya ce to su bari sai sun sani.

Can Malam Lawali ya ɗago.

"Biyu ne. Ɗaya ya fi ɗaya haske, kamar ni da kai."

Ban tambaye shi wane ne wane ba, don ɗigon farko ya riga ya faɗo a kan bargon. Muka kwashi madubi a guje zuwa zaure, aka yi ta ruwa har kwata ta cika.

Komawa

Washegari na mayar wa Malama Hadiza kayanta a bushe, na iso gida da azahar. Hajiya ta tambaya wa ya ci gardamar. Na ce ni na ci, ya gani da idonsa, gero kuma ya sha. Godiya ta tabbata ga Allah da ya amsa roƙo biyu a yini ɗaya, ya kuma jera su yadda ya dace.