Injin da Na Ɗaure a Tudu

A shekarar da rana ta yi husufi da hantsi, har aka fita salla a masallatai, na fara shiga jirgin ruwa, ina da shekara arba'in da 'yan kai. Sana'ata gyaran injin niƙa ce a Ƙofar Ran. Ruwan da na sani bai wuce na buta ba.

Wani dattijo masunci a madatsar Gubi ya sayi tsohon injin dizal, ya kira ni in ɗora masa a jirginsa na katako. Muka jawo jirgin tudu, na daidaita injin da sandar ƙarfen da ke ratsa bayan jirgi ta juya farfela. Na auna, na sake aunawa, na rubuta awon da ajami a littafina kamar yadda na saba.

Bayan kwana uku ya aiko cewa jirgi na jijjiga. Na je, na tayar da injin a bakin ruwa, giya a firi, ƙafata ɗaya a ƙasa. Na ɗora kofin shayi a kan injin, ko ɗigo bai zuba ba. Masunta sun taru suna kallo, sai Shaiɗan ya ja bakina.

"Baba, anya ba hannunka ne ke rawa ba?"

Aka kwashe da dariya, ban da shi. Ya ce, "To Malam, bismilla. Shigo da ɗaya ƙafar."

Kunya ta hana ni ƙi. Ya sa giya, muka bar gaci. Da farko wani ɗan tsuma na ji a tafin ƙafata. Da ya ƙara wuta sai jirgin duka ya ɗauka, haƙorana suna haɗuwa, akwatin kayan aikina yana tafiya shi kaɗai. Na waiga, mutanen gaci sun koma kamar tururuwa. Na sunkuya, sai ga ruwa yana tsartowa ta ramin da sandar ta ratsa.

"Baba, ruwa!"

Ya leƙa, ya kashe inji. Ya ce, "Wannan kam jiya babu shi."

Da na ji haka sai tsoro ya kama ni, domin na zaci ya san abin da yake yi ne, ashe shi ma a hannun Allah yake. Ban iya iyo ba. Filafilin tuƙa jirgi kuma ya baro shi a gaci. Ya cusa tsumma a ramin, ya ɗauki ƙwarya yana kwalfe ruwa, ni kuwa na kama addu'ar Annabi Yunusa, na kasa kai ta ƙarshe sai in sake farowa.

"Malam, addu'a bakinka ke yi. Hannu fa?"

Na durƙusa cikin ruwan. Na tayar da injin a firi, na dafa masa sukuddireba na kara kunne: lafiya lau. Ashe ciwon ba a cikinsa yake ba. Na ce ya sa giya a hankali. Na ɗauko gawayi daga ɗan murhunsa na cikin jirgi, na riƙe dab da sandar tana juyawa. Da muka tsayar, gefe ɗaya kawai gawayin ya shafa. Sandar ba a miƙe take gudu ba. Na duba mahaɗarta da giya, cikin notuna huɗu ɗaya ya karye, biyu sun kwance. Na kunce sauran, sai bakin mahaɗar ya buɗe ta sama, har farcena yana shiga. Wurin da na auna sau biyu ke nan.

"Baba, jirgi yana lanƙwasa?"

"Katako ne. Zamansa a tudu daban, zamansa a ruwa daban. Kowa a nan ya san haka."

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Ka tambaye ni?"

Ruwa ya rufe idon sawuna. Na sassauta ƙafafun injin, na fasa gwangwanin madara na daddatsa, ina cusawa ƙarƙashinsu ɗaya bayan ɗaya har bakin mahaɗar ya haɗu daidai. Sau biyu sufana tana suɓuce mini. Ya ga yadda hannuna ke karkarwa, ya kau da kai, ya ci gaba da kwalfe ruwansa.

Da notuna uku muka dawo, a hankali, ina dafe da injin kamar mai jinya. Jijjigar ta kwanta, amma ban yarda ba sai da jirgi ya daki yashi.

Masuntan na nan inda muka bar su. Wani ya ce, "Yaya, hannun Baba ne?"

Na tsaya, wando jiƙe. Na ɗaga murya yadda na nesa ma zai ji.

"Aikina ne. Ni na ɗaure injin a karkace, kuma na yi wa dattijo rashin kunya a gabanku. Baba, ka yafe mini."

Ya matse tsummansa. Sannan ya ce, "Na yafe, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Gobe ka zo da noti na huɗu."