Jirgin Yaƙin Baba a Kududdufi

Babanmu ya dawo daga yaƙin Jamus da ɗingishi da labari guda, labarin jirgin ruwan da ya kwashe su daga Ikko. Tsohon jirgin yaƙi ne, in ji shi, an ƙera shi tun kafin Nasara su ci Kano. Duk jikinsa ƙarfe. Bututun hayaƙi biyu, igwa a goshi, igwa a ƙeya, ƙanana jere a haƙarƙari. Hancinsa a zunɓure yake ƙarƙashin ruwa don tunkuyin wani jirgi. Can ciki an kifa rufin ƙarfe kamar ƙoƙon kunkuru a kan injin, an jibge gawayi dama da hagu, wai in harsashi ya huda gefe ya mutu a cikin gawayin.

To, a Roni wa zai yarda? Dattawan gindin durumi suka ce, "Malam, allura ma nutsewa take yi, balle ƙarfe mai girman unguwa." Tun ana yi a bayan idonsa har ta kai shekarar da ya ce ya ga watan azumi, aka ce a nemo wani shaida. Wannan ta ƙona masa rai ƙwarai.

Sai ya ba wani maƙeri a Kazaure akuya, ya ce ya ƙera masa jirgin, tsawon kamu biyu. Ni na riƙa raka shi, lokacin ina sabon ango. Baba ya zana a ƙasa, maƙeri ya buga. Amma kullum muka je sai Baba ya ce igwa ta yi ƙanƙanta, a ƙara. Aka yi ta ƙari da ƙarfe ɗanye, mai nauyin tsiya. Da aka zo kan inji da gawayin ciki, maƙeri ya ce, "Baba, abin da ido ba zai gani ba, me za a wahala a kansa?" Aka bar cikin fayau.

Ranar kasuwa na ɗauko jirgin a jaki zuwa kududdufin bayan gari. Gari ya fito kaf. Kuma don ƙaddara, surukina ya zo daga Babura sayen shanu, ga shi tsaye a gaba da rawaninsa. Ni da ko haɗa ido ba na yi da shi!

Baba ya yi bisimilla ya tura. Wallahi jirgin ya tsaya a kan ruwa. Ya yi gaba kaɗan, har na ji wani ya ce, "Ikon Allah!" Sai ya karkata a hankali wajen igwar goshi, ya kife, gindi sama.

Aka kwashe da dariya. Da nan abin ya tsaya, da na jure. Ina! Baba ya faɗa ruwa da babbar rigarsa ta Juma'a, yana ɗingishi cikin taɓo har ruwa ya kai masa ƙirji. Ya birkito jirgin, ya tsiyaye shi, ya sa hannu ɗaya a ƙarƙashi ya tallafe, yana tafiya da shi.

"Ku duba! Ga shi yana tafiya! Haka yake, na rantse haka yake!"

Kowa na ganin kafaɗarsa tana rawa da nauyin. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Dariya ta mutu. Surukina ne ya fara magana, da irin muryar da ake lallashin majinyaci.

"Lallai yana tafiya, Malam. Mun gani. Fito haka nan, kada sanyi ya kama ka."

Dattawan suka amsa, "Mun gani, mun gani."

Baba ya tsaya cikin ruwa yana bin fuskokinsu da kallo, har ya zo kaina. "Kai fa? Ka gani?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Na gani, Baba."

Sai ya zare hannunsa daga ƙarƙashin jirgin.