Buhunan da Ban Soka Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran shugabarmu ta ɗakin gwajin abinci, wadda muke kira Hajiya Sai-na-gani, bayan jinyar mako uku. Shekara goma sha ɗaya na yi a ƙarƙashinki, Hajiya, kuma akwai maganar da ta shafi sunanki wadda na daɗe ina ɓoyewa. Yau zan faɗe ta.

Aikinmu shi ne duba shinkafar da ake shigowa da ita daga waje kafin ta shiga kasuwa: ko akwai fumfuna, ko ragowar maganin ƙwari, ko sinadaran gina jikin da aka rubuta a buhu gaskiya ne. Ke kika koya mini riƙe bututun ƙarfen da muke soka buhu da shi mu zaro samfur. Ƙa'idarki ba ta canjawa: a ɗebo daga bakin ƙofar kwantena, a ɗebo daga tsakiya, a ɗebo daga can ƙurya inda zufar kwantena ke ɗiga. Kafin na'ura ta ce komai, sai kin zuba ƙwayoyin a tafin hannu kin shinshina. Mukan yi dariya a bayan idonki, mu ce an sayi na'ura a banza tunda ga hancin Hajiya. Idan ɗan kasuwa ya fara yabon farin shinkafarsa, sai ki ce, "Alhaji, kyan ɗan maciji ke nan. An goge ta har ba abin da ya rage sai farin."

Faɗanki kam na sha shi. Amma lokacin da matata ta kwanta asibiti, ke kika haɗa aikina da naki mako biyu, ba ki taɓa goranta mini ba.

Shekara shida da suka wuce, wata kwantena ta iso ana tsananin zafi. Masu dako sun tafi cin abinci, ni kuma na ji ƙyuyar jira a sauke buhunan layin gaba. Na soki buhu goma a bakin ƙofa, na rubuta cewa daga wurare uku na ɗebo. Gwaji ya fito lafiya, kika sa hannu don kin yarda da ni, shinkafar ta tafi wata makarantar kwana. Sai Allah Ya sa mai dafa wa ɗalibai abinci ta buɗe buhu ta ga ƙwayoyin sun dunƙule sun yi kore-kore, ta ƙi ɗorawa a wuta. Da aka sake gwadawa, gubar fumfuna ta wuce kima nesa ba kusa ba. Yara ɗari huɗu ne za su ci ta.

Kwamitin bincike ya tambaye ki wa ya ɗebo samfur. Kika ce, "Sa hannun wa ke jikin takardar? To ni za ku tuhuma." Aka sa miki gargaɗi a fayil, ƙarin girman da kike jira ya wuce ki.

Da muka fito kika ja ni gefe. "Ka shiga tsakiyar kwantenar?" Na sunkuyar da kai. Kika ce, "Kana da ƙananan yara, korarka za su yi. Gobe akwai kwantena biyu, tare za mu shiga." Ba ki ƙara tayar da maganar ba. A ofis aka riƙa cewa Hajiya ta tsufa, ido ya gaji. Ina zaune ina ji. Tsoro ne ya rufe mini baki, kuma ina jin kunyar hakan.

Jiya na kai wa shugaban ma'aikata takarda, na bayyana abin da ya faru, na roƙi a cire gargaɗin daga fayil ɗinki. Abin da za su yi da ni, su yi.

Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki da 'ya'yanki uku da ƙannenki, Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Ku kuma 'ya'yanta, duk wanda ya ce muku mahaifiyarku ta taɓa yin sakaci da aikinta, ku nuna masa wannan rubutu. Laifin nawa ne, ita ta ɗauka. Ku yafe mini, tunda ita ban roƙe ta ba har ta tafi.