Hoton Bindigar Tsohon Toranke

A bencin ofishin da ake tantance bindigogin mafarauta a Gaya, Ikrama na zaune kusa da wani dattijo siriri, irin wanda in iska ta taso sai an ɗaure shi a turke. Hularsa ta girmi kwaltar Ajingi. Yana riƙe da hoto cikin ledar burodi, yana ta shafa shi.

An ce kowa ya kawo hoton bindigarsa a gane irinta kafin maganar lasisi. Shi kuwa tsoho ya ɗauko hoton Sallah: ga shi cikin babbar riga, ya rungume bindigar, hannun rigar ya rufe komai sai bakinta.

"Baba, ai kai muka gani," in ji jami'in da ya zo duba hoton. "Ta toka ce ko mai harsashi? Nuna min kunamarta."

"Ga ta nan, ɗan nan. Maƙerin garinmu Toranke ya ƙera wa mahaifina."

Yatsan tsohon na kan farar takardar bayan hoton. Jami'in ya sassauta murya. "Doka ba ta ba mai raunin ido lasisi. Gobe ka kawo ta, za mu karɓe ta."

Ikrama, da ko liman bai tsira daga bakinsa ba, ya nemi tsokana ya rasa. Wa ya sani, ƙila ita kaɗai ta rage wa tsohon cikin abokan dawa.

Dattijon ya miƙe yana laluben sandarsa.

"To. Amma ku riƙa shafa mata man gyaɗa ran Juma'a. Ba ta son damina."