Ƙusar Yaya

Da rani, in an gama da gero, nakan sassaƙa ɗan kifi da icen darbejiya don fatsa a dam ɗin bayan garinmu. Sai in gasa wayar ƙafar keke a wuta, in huda shi daga baki har wutsiya, in zura waya, in murɗe ƙugiya a ƙarshenta.

Ran nan yayana ya same ni ina hura garwashi.

"Kai dai ka cika son wahala," in ji shi. "Buga ƙusa, ɗiga gam, shi ke nan."

Na bi maganarsa don babba ne. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Da hantsi wata ƙatuwar tarwaɗa ta cafke. Na ja, ta ja, har na ga gashin bakinta. Ashe icen ya jiƙa. Ƙusar ta zare, ta tafi da ƙugiyata, ta bar ni da guntun ice.

Da na nuna masa, ko kunya babu, ya ce, "Ba rabonka ba ce."

Na ce, "Yaya, rabo bai buga ƙusar nan ba. Kai ka sa aka buga ta."