Autan Inna da Cikar Gulbi

Daga Tsafe aka kai ni aure Bungudu, shekaru kaɗan kafin a ba mu mulkin kai. Gidan ba mai yawan jama'a ba ne. Daga ni sai maigidana, sai mahaifiyarsa da kowa ke kira Inna, sai ƙaninsa, autan Inna, wanda a lokacin ya ba shekara ashirin baya. Masaƙi ne. Kullum in an sha kunun safe sai ya fita gindin tsamiyar da ke ƙofar gida ya zauna a kan saƙarsa, ba ya tashi sai an kira azahar. Ba ya kallon idon mutum. In ka gaishe shi, gaisuwarka zai maido maka yadda ka faɗe ta, har da muryarka. Amma saƙarsa, tun daga Sabon Garin Gusau fatake ke zuwa nemanta, don ba a taɓa ganin zare ɗaya ya kauce a ciki ba.

Ni kuwa na taso na ga ƙanin miji abokin wasa ne. Ana tsokanarsa, ana ɓoye masa hula, shi ma ya rama. Ban cika wata guda a gidan ba, wata safiya na ga ƙoshiyarsa, ɗan katakon nan da ake jefa zare da shi, ajiye a kan taga inda yake barinta kullum. Na ɗauke na kifa mata faifai, na koma gefe ina jiran a yi dariya.

Ya zo ya miƙa hannu kan tagar bai ji komai ba. Ya sake miƙawa. Sai ya fara wani gunji can cikin maƙogwaro, yana rangaji gaba da baya. Kafin in buɗe baki ya kurma ihun da ya watsa kajin gidan, ya cije bayan hannunsa har jini ya fito, ya shiga buga goshinsa da jikin rumbu. Mutum ne ƙaƙƙarfa, rumbun har girgiza yake.

Inna ta fito daga madafa ba tare da sauri ba. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ko kafaɗarsa ba ta kai ba. Ta dube ni ta ce a hankali, "Mi kinka ɗauka?"

Na nuna faifan. Ta ɗauko ƙoshiyar, ba ta miƙa masa ba, ta mayar da ita kan taga daidai inda take. Ta naɗe zani ta soka tsakanin goshinsa da rumbun. Ta shiga ɗaki ta fito da wani gwado mai nauyi, ta yafa masa ta baya ba tare da hannunta ya taɓa jikinsa ba. Maƙwabtan da suka leƙo ta yi musu alama da hannu su koma. Sannan ta zauna a ƙasa, ta ba shi baya, ta ɗauki mazarinta ta fara kaɗi.

Ko kalma ɗaya ba ta ce masa ba. Ba abin da ake ji sai ihunsa da ƙarar mazari. A gaban idona ihun ya koma gunji, gunjin ya koma numfashi, har rangajinsa ya zo daidai da juyin mazarin, kamar zaren da take ja shi ne ke janyo shi. Can ya sulale ya zauna, ya jingina bayansa da nata. Suka daɗe a haka. Da ya tashi sai ya ɗauki ƙoshiyarsa ya fita, bai ko dubi inda nake ba.

Na durƙusa gaban Inna ina kuka ina ba da haƙuri. Ta ce, "Tashi, ɗiyata. Ba da ke shike hushi ba. Shi abu in ya bar wurinshi, kamar ƙasa ce ta tsage mai. Kuma in ya kai haka, magana zahi take ƙara mai, taɓi ma haka."

Daga baya ta ba ni labarin cewa yana yaro mutane sun ce iska ce. An yi rubutu, an yi turare, har aka kai shi wani gida inda aka ɗaure masa ƙafa. Kwana biyu ta je ta kwance abinta ta goyo shi. Tun daga ranar ta zuba masa ido tana koyo, kamar mai koyon karatu babu malami. Ta gane ƙarar kalangu na tayar masa da hankali, ta gane in ya fara murza kunnensa na dama to abin ya kusa. Jikokina da suka yi boko sun ce yanzu ana kiran irin wannan hali galahanga. Mu a lokacin ba mu da wani suna da ya wuce autan Inna.

Damina ta biyu da zuwana, 'yar Inna da ke aure a Ruwan Bore ta haihu, dole Inna ta je. Tun da aka haifi autan ba ta taɓa kwana nesa da shi ba. Ta wanke ƙoƙo ta zuba tsakuwa bakwai, ta ajiye masa kan taga. Ta ce masa, "Kullum da sahe ka ɗauke guda. Ranar da sunka ƙare, ina nan tahe."

Kwana shida suka wuce lafiya. A na biyar da na shida aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ranar bakwai ya cire tsakuwar ƙarshe, bai je saƙa ba, ya tsaya a bakin zaure yana kallon hanya. Da hantsi wani mai jaki ya kawo wa maigidana saƙo cewa gulbi ya kawo, ba mai iya ƙetarewa, Inna na can ta wancan gefe. Maigidana ya ce kada a gaya masa, ba zai gane ba.

Yana tsaye har la'asar. Ina tsakar gida na hango hannunsa ya tafi kunnen dama.

Wannan karon ya fi na farko. Ya yi jifa da ƙoƙon ya fashe, ya faɗi ƙasa yana birgima cikin taɓo yana dukan kansa. Maza suka cika zaure, wani har ya zo da igiya. Ni da ko ɗaga ido ba na yi a gaban manyan unguwa, sai na ji muryata tana cewa, "Don Allah kowa shi hita! Kada wanda ya taɓa shi!" Maigidana ya dube ni da mamaki, sannan ya juya ya fitar da su.

Na yafa masa gwadon, ya yi wurgi da shi. Na zauna na ba shi baya na ɗauki mazari, zaren na ta tsinkewa. Ihun bai ragu ba. Na gane ba mazari yake nema ba, mai mazarin yake nema. An yi masa alkawari, tsakuwa ta ƙare, kuma ba wanda ya ce masa komai. Na jira har ya tsaya jan numfashi, sai na faɗa a hankali, ban juyo ba, "Gulbi ya cika. Inna na ƙetare. In ruwa ya janye za ta zo."

Sai ihun ya tsaya. Na ji ya ce, da irin muryata, "Gulbi ya cika."

Ya tashi jikinsa duk taɓo ya nufi ƙofa. Ni da maigidana muka bi shi daga nesa, don na ɗauka cikin gulbin zai faɗa. A hanya ya tsaya ya karyi kara. Da muka isa bakin gulbi ruwan ja wur, yana tafe da itatuwa da ciyayi, ƙararsa ta cika kunne. Ya tsaya ya daɗe yana kallo. Sannan ya sunkuya ya kafa karan daidai inda ruwa ya tsaya, ya juya ya koma gida, ya wanke jikinsa, ya ci tuwo.

Washegari da safe ya sake tafiya da wani karan, ya kafa a sabon bakin ruwa. Ya auna tsakanin biyun da tafin hannunsa kamar yadda yake auna saƙa, ya dawo ya zauna gindin tsamiya ya kama aiki. Rana ta uku da ya kafa nasa, maigidana na tsaye kusa da shi, sai autan ya ce, "Gobe." Masu fiton da ke wurin suka yi dariya, suka ce wannan ruwa sai ya ƙara kwana uku. Maigidana ya dawo yana ba ni labari, tsoro ya kama mu duka, don ba mu san yadda za mu yi ba in goben ta zo babu Inna.

Da azahar ɗin washegari sai ga Inna ta yi sallama, zaninta jiƙe har ƙugu. Na ajiye muciya na ruga na tarye ta. Mutumin da aka ce ba zai gane ba, shi ya karanci gulbi fiye da waɗanda suka tsufa a bakinsa.

Bai yi mata sannu da zuwa ba. Ya karɓi ƙunshin kayanta ya kai ɗaki, ya koma saƙarsa. Da na gama ba ta labari, Inna ta ce, "Shekara ashirin da ɗori ina lallashin yaron ga, ban taɓa tunanin in gaya mai dalili ba."

Bayan rasuwar Inna a hannunmu ya zauna, har gemunsa ya yi fari. Ihun bai rabu da shi ɗungurungum ba, amma yakan yi watanni ba a ji ba. 'Ya'yana duka sun taso sun san in za a yi baƙi, ko za a sauya rufin ɗaki, ko za a sayar da akuya, Baba Ƙarami ake fara gaya wa, a faɗa masa rana, a faɗa masa dalili. Shi ya saƙa zanen goyon ɗiyata ta fari, kuma da shi na goyi sauran biyar.