Ranar da na hau dutsen Ɗa'ifa da tsohuwar motata

A lokacin da abin nan ya faru ni matashi ne mai mata da ɗa guda, haifaffen Makka, ina tsaron shagon yayana na jakunkuna da dardumai a unguwar Aziziyya. Kakanmu ne ya zo daga ƙasar Kano a ƙafa, ya zauna har ya samu takardar zama ɗan ƙasa, don haka mu 'yan ƙasa ne. Kasuwarmu ta lokaci ce. In alhazai suka cika gari ko zama ba ma samu, in suka watse kuma sai mutum ya wuni yana kallon titi, ni kuwa zama wuri guda bai karɓe ni ba. A irin wannan zaman ne wani abokina ya ja ni Jidda kallon taron masu tsofaffin motoci a bakin teku. Na ga motocin da suka girme ni suna sheƙi kamar yau aka ƙera su, masu su na tsaye suna ba da tarihin kowane ƙarfe. Tun daga ranar ban sake samun sukuni ba.

Na yi ta yawon tashlih, inda ake jibge matattun motoci, har na samu wata doguwa ƙirar Amurka, ba taya, ba gilashi, kyanwa ta haihu a kujerar baya. Wanda ya karɓi gyaranta wani dattijon makanike ne a unguwarmu, mutumin wajen Maraɗi, wanda nake kira Baba. Ya zo aikin Hajji tun yana saurayi bai koma ba, kuma ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama. A nan ya yi aure, a nan aka haifi 'ya'yansa mata, su ma ba takarda. Duniyarsa ba ta wuce garejinsa da gidansa da Harami ba. Mun fi shekara a kan motar nan. Ina rufe shago sai gareji, matata har ta gaji da ajiye min abinci. Ranar da injin ya tashi, ni da Baba muka tsaya muna sauraronsa.

Ba a jima ba na ji masu tsofaffin motoci za su yi ayari daga Makka su hau Ɗa'ifa, a yi baje kolinsu a can. Na sa sunana, daga nan kuma tsoro ya kama ni. Hanyar dutse ce mai lanƙwasa, motata kuwa ba ta taɓa yin nisa ba. Kullum sai in hango ta mace min a gaban mutanen da nake so su ɗauke ni nasu. Na roƙi Baba ya raka ni. Ya ce in yi haƙuri, akwai shingen bincike a hanya, kuma na san halin da yake ciki. Ban ƙyale shi ba. Na koma washegari, na sake komawa. Na ce masa ayari irin wannan hannu kawai ake ɗaga masa ya wuce, na ce zan ara masa farar riga da mayafin kai irin namu, na ce aikin hannunsa ne, ya kamata ya ga yadda za a yaba. Har na nuna masa raina ya ɓaci. Dattijo ne mai kunya, kuma mahaifina ya taɓa yi masa alheri. A ƙarshe ya ce to, Allah ya kai mu.

Da safe muka tashi. A shingen kuwa hannu aka ɗaga mana, na dube shi ina dariya, shi ko bai daina jan carbi ba. Muna tsakiyar hawa, inda birai ke zama a gefen hanya, sai tururi ya fara fita daga gaban motar. Na faka, ayari ya wuce mu. Baba ya tuɓe mayafin, ya naɗe hannun riga, ya shiga duba tiyon ruwa da ya fashe. Muna haka motar sintiri ta tsaya don ta taimaka mana. Jami'in ma motar ce ta burge shi, ya zagaya ta yana tambayata shekarunta. Sai ya juya ga Baba ya tambaye shi ko gyaran zai daɗe. Da jin Larabcin da Baba ya amsa da shi, ya nemi ganin iƙama.

Na yi magiya, na ce kawuna ne, na ce ya manta ta a gida. Baba ya dafa ni ya ce in bari, kada in ƙara wa kaina. Ya goge hannunsa, ya miƙa min makullin gareji, ya ce da Hausa, “Ɗana, ka gaya wa mutanen gidana kada kowa ya zo nemana. In suka zo, har su za a haɗa.”

Ni ma an tsare ni, an ci ni tara saboda ɗaukar wanda ba shi da takarda, amma 'yan'uwana suka fito da ni. Kafin nan na ba yayana saƙon Baba ya isar, duk da haka na je gidan da ƙafata. Na tarar da matarsa, wadda muke kira Inna, tana suyar ƙosai a ƙofar gida. Na durƙusa na faɗi yadda aka yi ban rage komai ba. Ba ta zage ni ba. Ta dai tambaye ni ko ya tafi da maganinsa na hawan jini, na ce ban sani ba. Ta ci gaba da juya ƙosai.

Na yi ta zirga-zirga tsakanin masu faɗa a ji da na sani, kowa ya ce babu abin yi. Bayan 'yan makonni aka mayar da shi ƙasar da ya baro da ƙuruciya, inda yawancin waɗanda suka san shi sun rasu. Daga baya Inna da 'yar autarsu suka miƙa kansu don a kai su wurinsa. Babbar 'yar tana aure a nan, ba ta iya bin su ba, har yau ba ta sake ganin mahaifinta ba. Motar na sayar da ita a yadda take. Mun yi waya da Baba, ya ce ya yafe, haka Allah ya rubuta. Yafewar ba ta sa na natsu ba. Sai ina tsakiyar ciniki in ji shago ya yi min ƙunci, in fita in yi ta tafiya ba inda na nufa.

Son tsofaffin motoci ba laifi ba ne, akwai mutanen kirki da yawa a cikinsa. Abin da na gane shi ne, ni kunya kawai nake gudu a ranar, shi kuwa gidansa da iyalinsa ya ɗora a kan hanyar, kuma na sani sarai. Ina kira ga duk wanda sha'awar wani abu ta hau kansa, musamman mu da muke da takarda muna zaune da waɗanda ba su da ita: idan mutum ya ce maka ba zai iya ba, ka tsaya a nan. Amsarsa ta farko ita ce ta gaskiya, ta biyun kunyarka ce ta sa shi faɗa.